Akuyar Gwaggo da Gawon Baba

Tun da muka dawo daga Nijar ban huta da tambaya ba. Duk wadda ta shigo yi mini barka da hanya, kafin ta ajiye mayafi sai ta ce wai da gaske ne tsarabar da na yo akuya ce, kuma wai ni na riƙe mata kwano tun daga can har Kura? Na ba da labarin a tsakar gida, na ba da shi a gidan suna, na ba da shi a Islamiyya bayan an tashi karatu, kullum kuma sai wata ta ce an fara ba ta nan. Shi ya sa na ce bari in nemi taimakon Allah in zauna in rubuta shi, kowa ta karanta, bakina ya huta.

Sai na fara da Baba, mahaifin maigidana, don tafiyar tasa ce. Ba zan kama sunansa ba, amma daga Kura har Bunkure in kika ce Alhaji Mai Dashe, kowa zai nuna miki gida. Ba haifaffen nan ba ne. Daga wani ƙauye a arewacin Damagaram ya sauko da ƙafa yana saurayi, da niyyar cin rani ɗaya ya koma. Ya yi ga-ruwa a birni, daga baya ya kama sayar da itace. Da aka zo aikin noman rani a yankinmu, katafila ta shiga tana tuge itatuwa don a daidaita ƙasa a ja hanyoyin ruwa, shi ya riƙa sayen kututtura yana sa a faskara, yana kai wa gidajen burodi. A nan Allah ya buɗa masa. Ya sayi babbar mota, ya shiga kai tumatir da albasa Kudu, ya yi gida, ya je Makka.

Abin da ya juya shi, in ji maigidana, iska ce. Bayan an share dajin sai ta riƙa tahowa ba abin da ke tare ta, tana kakkaɓe furen tumatir, tana cika magudanai da rairayi, masu aiki a gona kuwa ko inuwar da za su zauna su sha fura babu. Baba ya ce haka ƙauyensu ya fara, ya gani da idonsa. Ya bar wa manyan 'ya'yansa harkar mota, ya killace wani fili a bakin ruwa, ya shiga renon darbejiya da mangwaro da tsamiya da ɗorawa a cikin ledoji, yana rabawa kyauta. Tun yana bin manoma gona-gona ana yi masa dariya har aka kafa ƙungiyar masu dashe aka ɗora shi a kai. Yau ko dagaci zai sare reshe sai ya aika an gaya masa. Abokan wasansa har yanzu cewa suke ya sayar da daji a mota, yana biya a leda. Shi ma dariyar yake yi, ya ce ai gara mai biya.

To, a farkon bazarar nan sai ga saƙo daga Gwaggo, yayarsa da ta rage a can. Ta ce gawon da ke gonar mahaifinsu ya fara bushewa daga sama, bana reshe ɗaya kaɗai ya yi 'ya'ya, ba ta jin zai ga wata shekara. In yana son iri, ya zo, ta tanada masa. Maigidana ya ce masa ai akwai gawo a Kano ma. Baba ya ce akwai, amma ba a ƙarƙashinsa aka yanka masa ragon suna ba, kuma itacen da ya tsallake fari biyu a wannan rairayi, jininsa daban ne. Tun da Gwaggo ba ta taɓa ganina ba, aka ce in shirya. Na kai yara wurin Innata a Garun Malam, na daka yaji, na soya nama, na ƙulla busasshen tumatir da shinkafar gida na tsaraba.

Bayan sallar asuba muka ɗauki hanya a motar gida, Fijo, maigidana na tuƙi, Baba a gefensa, ni a baya da kaya. Ku da kuka san zama da suruki kun san halin da na shiga. Ga yunwa, ga soyayyen nama a cinyata yana ƙamshi, ga kunya. Har muka wuce Kazaure ban sa komai a baki ba. Baba ne ya lura, ya ce a tsaya zai duba wata darbejiya a bakin titi. Ya fita ya daɗe yana zagaya ta, bayansa na wajena, har sai da ya tabbata na ci. Da ya dawo ya ce itacen lafiyarsa ƙalau. Haka yake a duk tafiyar, ba ya ganin gari, itace yake gani. In an ce ga Daura, shi cewa zai yi ga kukar da ya taɓa kwana a gindinta da gorarsa ta ruwa a matsayin matashi.

A kan iyaka jami'an Nijeriya suka duba takardu suka sallame mu. Da muka tsallaka sai ga jandarma, wato ɗan sandan Nijar, dogo, fuska a ɗaure. Shaiɗan ya raya mini in gwada ɗan Faransancin da aka koya mana a sakandare, na gaishe shi da shi. Ai kuwa ya saki fuska ya zubo mini magana kamar an buɗe famfo, ban tsinci ko kalma ɗaya ba. Da ya ga na yi zuru sai ya koma Hausa tsantsa, ya tambayi mutanen gida, ya ce in gaida malamin da ya koya mini, ya yi ƙoƙari amma bai gama aiki ba. Maigidana bai bar ni da wannan magana ba har yau.

A Damagaram muka kwana, gidan wani tsohon abokin Baba mai fataucin fata. Matan gidan suka karɓe ni kamar sun san ni, da jin daga Kano nake kuwa sai tsiya ta tashi, wai Kanawa ko ruwan alwala suka ba ka sai sun tambayi canji. Na ce su kuma ga burodinsu kamar taɓarya, mutum ya rasa ci zai yi ko daka. Aka yi ta raha. Sun ba ni kilishin da ban taɓa cin irinsa ba, da kwaɗon zogale, da shayi a ɗan ƙaramin kofi mai ɗaci kamar maɗaci. Na daure na shanye don kada in ba da kunya, na miƙa kofin da godiya, ashe zagaye na farko ke nan, saura biyu. Na ƙarshen dai zaƙi ne zalla. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne matan aure a kasuwa, suna ciniki da kansu, murya a sama, ba mai kallonsu. Na tuna yadda a wurinmu ko gishiri ya ƙare sai an jira mai aike.

Washegari kwalta ta ƙare muka shiga rairayi. Ba mu yi nisa ba mota ta nutse har ciki. Maigidana ya yi ta ba ta wuta tana ƙara tona wa kanta rami. Wasu mata da ke dawowa daga rijiya suka sauke tulunansu, ba wanda ya roƙe su, suka karyo kara suka shimfiɗa a gaban tayoyi, suka sa kafaɗa. Ni ina ciki ina salati, sai wata ta leƙo ta taga ta ce, "Hajiya, ke ma nauyi ce, sauko." Na sauko na ɗaure mayafi a ƙugu, na tura mota karo na farko a rayuwata.

Da la'asar muka isa. Gwaggo 'yar ƙaramar tsohuwa ce, siririya, mai kaifin ido da kaifin baki. Ta riƙe hannun ƙanenta, sannan ta juyo ta dube ni sama da ƙasa ta ce, ashe Bakanuwar tasu ta iya durƙuso. Daga ranar ba ta kira ni da wani suna ba sai Bakanuwa. Ta dama mini fura da nonon akuyarta, wata ja mai dogon kunne da ke bin ta ko'ina kamar 'ya.

A garin nan na san darajar ruwa. Rijiya ɗaya ce, mai zurfin da sai an ɗaura wa sa igiya ya ja. Mu da ruwa ke wucewa ta bayan katangarmu dare da rana, har mukan yi ƙorafin sauro. Na ga Gwaggo za ta yi alwala da ɗan ruwan da ni ko wanke cokali ba zai ishe ni ba, kuma ba a ko'ina take yi ba, sai ta je ta tsuguna a gindin wani ɗan zogale, duk abin da ya zuba ya shiga saiwarsa. Itacen girki ma babu. Da busasshen kashin shanu da guntayen kara suke hura wuta. Na yi ƙoƙari fuskata ba ta nuna komai ba, na ci tuwon gerona da miyar kuka, kuma wallahi ya yi daɗi.

Kafin magariba Baba ya tafi gonar, muka bi shi daga nesa. Gawon na tsaye shi kaɗai a fili, ba wani itace har iyakar gani, rassansa a bushe fari fat sai guda ɗaya mai ɗan ganye. Ya dafa shi, na ga leɓensa na motsi, na san iyayensa yake yi wa addu'a. Da ya dawo ya tambayi Gwaggo ina ajiyarsa, ta ce tana nan a killace, da safe ya ɗauka. Ni a raina na ɗauka iri ne a ƙulle a tsumma, kamar yadda muke ajiye irin kuɓewa.

Da asuba na tashi da niyyar in nuna wa Gwaggo cewa 'yan Kano ma an yi musu tarbiyya. Na share tsakar gida, na ce bari in dama kunu kafin ta idar da lazimi. Na duba makamashi ban ga na jiya ba, sai ga wani kwando a rataye a bakin madafa, an rufe shi da faifai, cike da busasshen kashin awaki. Na ce lallai wannan shi ne na musamman, na baƙi. Har daɗi na ji cewa na koyi al'adar gari a kwana ɗaya. Na juye shi kaf a murhu a kan kara, na hura. Wutar ta kama da kyau, tana 'yar ƙara tas-tas kamar ana gugguru, ni kuwa ina ta murna.

Gwaggo ta fito da carbi a hannu. Ta dubi murhu, ta dubi kwandon da ke kife, ta zauna a ƙasa.

"Bakanuwa," in ji ta, "kin dafa kunu da dajin Kano."

A nan aka yi mini bayanin abin da kowane ɗan garin ya sani, ni kaɗai ce ban sani ba. Ƙwayar gawo tauri gare ta, in aka shuka ta haka nan sai ta yi ta kwanciya a ƙasa ba ta tsiro ba. Sai ta bi ta cikin dabba, ɓawon ya yi laushi, sannan take fitowa. Don haka tun da reshen nan ya fara zubar da 'ya'ya Gwaggo ke tsincewa tana ba akuyarta, tana tara abin da ta kasayar tana shanyawa. Abin da ke cikin kwandon nan shi ne duk abin da gawon ya haifa bana, kuma shi ne ya kawo mu.

Muka tona tokar da tsinke, ƙwayoyin sun ƙone baƙi ƙirin, da an taɓa sai su marmashe. Aka kira Baba. Na so ƙasa ta tsage in shige. Ya tsaya ya dubi murhun, sannan ya ce Allah bai nufa ba, kuma laifinsa ne da bai yi bayani a hanya ba. Har ya karɓi kunun ya sha, don kada in ce ya yi fushi. Da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Ya sa takalmi ya nufi gona shi kaɗai, ni kuma na shiga ɗaki na yi kuka irin wanda rabona da shi tun rasuwar mahaifina.

Ina cikin haka Gwaggo ta ɗaga labule ta ce in share hanci in fito, kuka ba ya tsiro. Ta ce jiya da rana, kafin mu iso, ta sa an girgiza reshen, 'yan kwanson da suka rage ta zuba wa akuyar ta cinye. Ta nuna cikin akuyar da sandarta ta ce sauran gawon ubansu yana nan ciki, bai fito ba tukuna.

Sai dai ba mu da halin jira. Baba na da taron manoma a Bunkure, inda za a yanke maganar ba ƙungiyarsu gefen babbar hanyar ruwa don dashe, in ba ya nan wasu za su shuka albasa a wurin. Maigidana ya ce to a bar wa Gwaggo ta tara, a aiko daga baya. Ta ce wa za ta ba, kuma wa ya san wace Bakanuwar ce za ta sake zuwa da ashana? Ta ce mu tafi da akuyar. Baba, da ya dawo ya ji, ya ƙi, ya ce ita ce nononta, ita ce abokiyar hirarta. Gwaggo ta ce masa tun da gawon ya daina zuba, me za ta ba ta kafin ruwa ya sauka? Gara ta je inda ake cewa ciyawa na tsirowa da rani, ta gani ko ƙarya ne. Ta kwance igiyar akuyar, amma ba shi ta miƙa wa ba, ni ta miƙa wa.

"Aro na ba ki, ba kyauta ba. Abin da ke cikinta na ƙanena ne. In ta haihu, 'ya'yan nawa ne."

Da za mu tashi ta kama kunnen akuyar ta yi mata magana a hankali, ba mu ji abin da ta ce ba, ta juya ta shige gida ba ta tsaya ganin tafiyarmu ba.

Haka muka juyo, an shimfiɗa tabarma a bayan mota, akuya a kai, ni a kujerar gabanta na juya baya da kwanon sha a hannu. Ba wanda ya sa ni, ni na ce aikina ne. Duk abin da ta sauke sai na kwashe, in kuma tana tuƙa ta furzar da ƙwaya, in bi in tsince. Ni da ko kashin kaza na gani a tsakar gida sai na wanke wurin da toka. Ita kuwa ta saka mini da cinye gefen sabon mayafina, da rabin burodin da na sayo wa yara. Idan ta daɗe ba ta yi komai ba hankalin kowa ya tashi. Baba, wanda tsakanina da shi sai gaisuwa, sai ga shi yana tambaya ba tare da ya waiwayo ba, "Akwai labari?" In ce, "Tukuna, Baba." In an samu kuwa ya ce alhamdu lillahi, kamar an yi masa albishir da jika.

A kan iyaka muka sake samun jandarman nan. Ya gane ni, ya ce ina Faransanci, na ce na bar shi a Damagaram. Ya leƙa ya ga akuya, ya ce fitar da dabba sai da izinin likitan dabbobi, likitan kuwa ya tafi kasuwar wani gari sai gobe. Maigidana ya yi ta magiya bai ji ba. Baba ya fito ya gaishe shi, ya ce shi ba dabba ya ɗauko ba, itace ya ɗauko, akuyar mazubi ce kawai. Ya sa na miƙo kwanon, ya fasa guda ɗaya da farce ya nuna masa ƙwayar a tafin hannu, ya ba shi labari tun daga gonar mahaifinsa, sai dai ya tsallake zancen kunu, Allah ya saka masa. Mutumin ya ce a ƙauyensu ma akwai wani gawo da suke wasa a ƙarƙashinsa, an sare shi shekarar fari. Ya aika aka nemo mataimakin likitan a gida, ya zo ya buɗe bakin akuyar ya duba ya sa hannu. Kafin mu wuce jandarman ya roƙi ƙwaya biyu, Baba ya dube ni, na dubi kwanon, muka ba shi ɗaya.

Mun iso Kura a gajiye, mota na wari, Baba ya samu taronsa, aka kuma ba su wurin. Akuyar ta ƙarasa sauke amanarta a gidana, a ɗaure a inda idona ke kanta. Ranar da ta fara ganin ɗanyar harawa da rani ta ci har sai da muka ji tsoro. Baba ya shuka ƙwayoyin a ledoji da hannunsa, ya hana kowa ba su ruwa sai shi. Da yawa ba su fito ba. Waɗanda suka fito ba su cika yatsun hannu biyu ba, 'yan sirara masu ganye kamar gashin tsuntsu.

Bayan ruwan damina ya zauna, wani mai fataucin fata ya zo da saƙon Gwaggo. Iskar farkon damina ta kayar da gawon. Ta ce a gaya wa Bakanuwa ta riƙe mata lissafin 'ya'yan akuya, kada a yi mata halin Kano. Baba ya ji, ya yi addu'a. Washegari da safe sai ga sallamarsa a ƙofar sashenmu, abin da bai taɓa yi ba. Na fito na durƙusa. Ya ajiye leda ɗaya a gabana, wadda ta fi sauran tsawo.

"Sauran za su bakin ruwa," in ji shi. "Wannan ke kika ɗauko shi tun daga can, ke za ki dasa."

Na dasa shi a bayan ɗakina, na kewaye shi da ƙaya saboda ita wannan akuyar da ta kawo shi ta fi kowa son ta cinye shi. A gindinsa nake alwala yanzu, yadda na ga Gwaggo na yi. Wadda ta zo ganin tsarabata, ga ta nan, ta kusa kai mini gwiwa. Mayafin ne dai har yau ba wanda ya biya ni.